Kada Ka Tone Binne

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana, mai sunan Baba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan motar da ta ɗauke ka daga Zermu ta sauke ka Damagaram lafiya, ka iske kawunka Isa da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a gari, ya sa wa hannunka albarka a gyaran moto, wato babur, da ka je koyo, ya haɗa ka da abokan da za su tashe ka salla, ba waɗanda za su ja maka bargo ba.

Za ka yi mamakin ganin takarda a ƙasan jakarka, ƙarƙashin ƙuli-ƙulin mahaifiyarka. Ka san ni ba mutumin rubutu ba ne. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, shi ma rabinsa a bakin rijiya na yi shi ina shayar da awaki. In ka ga harafi ya karkace, ka miƙe shi da kanka, kai da ka kai kolej. Amma kai ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifina gare ka. Sunanka ma ba na iya kamawa, balle in zaunar da kai in yi maka doguwar magana ido cikin ido. Takarda ba ta da kunya, shi ya sa na aike ta.

Ga abin da ya sa ni rubutu. Ran da sakamakon jarrabawar birbe ya fito karo na biyu babu sunanka, ina bayan zana ina sa wa hauya ƙota. Ba laɓe na yi ba, zanar ce ta tsufa. Na ji ka ce wa kakanka, "Tsoho, kai ka ce mini Allah ya yi alkawari, wanda ya roƙe shi zai amsa masa. Na roƙa. Na yi azumin Litinin da Alhamis har wandona ya daina zama a ƙugu. Ina amsar?"

Baba ya ce, "Takwara, ka je ka tambayi mushen lissafi, malamin nan naku, wataƙila a wurinsa ta maƙale."

Shi ya yi dariya, kai ba ka yi ba. Tun daga ranar nake lura da kai. Ba ka bar salla ba, amma ta koma irin cin tsabar kaza, caka-caka ka miƙe. Hannun da kake ɗagawa bayan sallama ya daina tashi. A gida akwai idon kakanka, akwai nawa. A birni babu. Tsorona ke nan, kada abin da ya rage ya zube a hanya, ka wayi gari kana da sana'a a hannu, zuciya kuma babu kowa a ciki.

Ni ban tsufa ba. A kasuwar Zermu har yanzu akwai masu tambaya ko kai ƙanena ne, ni kuwa ba na saurin gyara musu. Saboda haka ba ni da bakin koya maka yadda ake riƙe imani har furfura. Amma tun ina yaro nake tafiya bayan wanda ya riƙe, ina ɗauke da ƙwaryar iri. Abin da na gani a bayansa, da wautar da na tafka a gabansa, su zan ba ka.

In yaran garaj 'yan birni suka tambaye ka mene ne binne, ka gaya musu. Ƙarshen bazara ne, rana na dukan ƙeya, ƙasa ta bushe ƙayau, ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Sai mutum ya ɗebo irin geron da ya hana 'ya'yansa ci, ya tafi gona. Na gaba yana sara rami da sungumi, na baya yana jefa tsaba yana rufewa da diddige. A gama a koma gida, a bar abinci cikin busasshen rairayi, a jira sama. Za su ce hauka ne. Kada ka yi musu gardama, da tuwon wannan haukar aka yaye su.

Shekarar da Baba ya fara yanka mini gayauna, ina kamar shekarunka, ni da shi muka yi binne rana ɗaya, shi a babbar gona, ni a tawa. Shamuwa ta zo ta yi sheƙa a kan tsamiya, kowa ya ce ruwa ya kusa. Ruwa kuwa ya ƙi. Hadari ya haɗu da la'asar, ya yi baƙi, ya yi rugugi kamar abin kirki, iska ta zo ta kwashe shi ta kai wa wasu. Sai zuciyata ta fara raya mini, anya irin nan yana nan? Anya tururuwa ba ta kwashe ba? Anya zafi bai soya shi ba?

Sai na shiga zuwa gayauna kowace safiya. In tsuguna, in sa yatsa in tone rami ɗaya, in ga tsaba tana nan, in ce alhamdu lillahi, in mayar da ƙasa. Gobe in tone wasu. Abin da ban sani ba, ina da 'yan kallo. Zabin Inna, kakarka, suna biye da ni daga nesa, kurciyoyi suna kan gawo suna ɗaukar darasi. Duk ramin da na taɓa, ƙasarsa ta yi laushi, ga kuma alamar yatsa. Ina juya baya su sauko su ƙarasa aikin. Ni ne mushensu, kuma ba su faɗi jarrabawa ba.

Da ruwa ya sauka, gonar Baba ta fito layi-layi kamar an ja da zare. Tawa kuwa kamar kan mai ƙora, nan tsiro, can fili. Baba ya zo ya tsaya, ya riƙe ƙugu, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi maka wannan aski?"

Na ce, "Zabin Inna ne."

"Zabin Inna sun san hanyar gonata su ma. Me ya sa ba su je ba?"

Na sunkuyar da kai na gaya masa gaskiya. Ya yi dariya har ya zauna a kan kunya. Ya ce, "Kai, ka ba mutum ajiya, kullum kuma kana laluben aljihunsa? Ko ni ne ƙasar nan sai in ce zo ka ɗauki kayanka."

Babana, addu'a binne ce. Ka sara, ka jefa, ka rufe, ka tafi ka yi aikin gabanka. Wanda ke komawa kowace safiya yana tonawa, yana cewa an amsa ko ba a amsa ba, shaiɗan yana kan gawo yana kallonsa. Kai ka binne taka, ba ta ko kwana biyu ba ka sa yatsa.

Wauta ta biyu ta fi ta farko tsada, don lokacin na yi aure, ina ganin na yi hankali. Na ce ni na gama da caca. Ba zan ƙara zuba iri a ƙasa ba sai na ga ruwa da idona, na taka laima da ƙafata. Na tafi cin rani can Damagaram inda kake yanzu, ina tura kurar ruwa a unguwar Kara-Kara. Baba ya aiko a ce mini shamuwa ta iso, in zo a yi binne. Na ce a gaya masa in ruwa ya sauka ina nan tafe, ai mota ba ta ƙare ba.

Ruwa ya sauka ranar da ba ta kasuwa ba. Kafin labari ya same ni, kafin in sami motar da za ta yi wajenmu, kafin ta gama lalacewa a hanya ana tura ta, na iso na tarar geron mutane ya fito yana kaɗa kunne, ƙasa kuma ta sha ruwanta ta bushe. Dole na jira ruwa na biyu. Shekarar kuwa damina ta ɗauke da wuri. Gerona ya yi tsawo, ya fid da kai, kyakkyawa kamar na hoto, amma in ka murza zangarniya babu komai sai ƙaiƙayi. A wannan kakar aka haife ka. Kunun da mahaifiyarka ta sha na jego daga rumbun Baba ya fito. Da zai miƙo mini dami sai ya ce, "Ungo, mai ido. Wannan na makafi ne, mu da muka shuka ba mu gani ba."

To ka ji. "Sai na gani" ba wayo ba ne. In ka ce ba za ka ɗaga hannu ba sai ka ga amsar ta baya, ba za ka yi wa mutum alheri ba sai ka ga abin da zai dawo, ran da rahama za ta sauka za ta tarar da gonarka babu komai a ciki. Ruwa ba ya tsirar da abin da ba a binne ba, sai ciyawa.

Kada kuma in yi maka ƙarya, don kai ɗan manomi ne, za ka kama ni. Binne yana mutuwa. Wani lokaci yayyafi ne zai zo, ya jiƙa tsaba ta farka, ta fid da kai, sannan sama ta yi shiru, rana ta ƙone ta. Kana ƙarami aka yi shekarar da binnen Baba ya mutu, ya sake, ya kuma mutuwa. Da ya ɗauki sungumi zai fita karo na uku, abokinsa Malam Ari, Babarbaren nan mai sayar da kanwa, yana zaune a ƙofar gida ya ce, "Kai dai ba ka jin magana. An ce maka a'a har sau biyu, sai an mare ka?"

Baba ya ce, "Ari, ba a'a aka ce ba. Cewa aka yi ba wannan ba."

"To in na ukun ma ya mutu fa?"

"Sai in ci kanwarka."

Geron shekarar bai yi wani abin kirki ba, ba zan ɓoye maka ba. Wake ne da aka jefa tsakanin kunya ba da wani buri ba, shi ya yi 'ya'ya har muka rasa wurin zubawa. Muka ci wake da safe, muka ci da rana, har Inna ta ce in aka ƙara shekara ɗaya a haka gidan nan zai tashi sama. Amma ba mu kwana da yunwa ba. A nan na ji Baba ya faɗi maganar da ban gane ba sai daga baya. Ya ce, "Allah bai yi mini alkawarin gero a wannan gona bana ba. Alkawarin da ya yi, ba zai manta da bakin da ya tsaga ba. Gero ni na rubuta masa."

Ban gane ba, shi ya sa na yi wauta ta uku, wadda ta fi kama da taka. Ka taɓa jin cewa na so shiga soja? Na so, har ina mafarkin takalmin. Da aka zo ɗauka na yi addu'a irin wadda ban taɓa yi ba, na yi sadakar zakarana ja, na sa Inna ta sa mini albarka. Na yi gudu na riga kowa. Da aka zo awo sai wani mai igiya a kafaɗa ya dube ni sama da ƙasa, wanda bai ɗauke shi lokaci ba, ya ce tsawona bai kai ba. Na yi ɗage, ya ce in sauke diddige. Na dawo gida ba soja, ba zakara.

Sai na yi fushi. Ban ce da wa nake fushi ba, ko a zuciyata ban yarda na faɗa ba. Na dai daina zuwa masallaci, ina salla a ɗaki, ita ma irin taka ta yanzu. Rannan da hantsi ina kwance sai na ji sallama a ƙofar ɗakina. Baba ne, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani, yana riƙe da goro a ganye.

Na ce, "Baba, lafiya? Ina za ka?"

Ya ce, "Nan na zo. An ce mini ka yi wa masallaci yaji, shi ne aka turo ni biko."

Mahaifiyarka tana tsakar gida tana daka, sai da ta saki taɓarya ta shige ɗaki da dariya. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Gaya mini laifin da aka yi maka, in je in faɗa. An hana ka numfashi? An hana ka ruwa? Matarka ta gudu? Ɗanka ba shi da lafiya?" Na ce a'a. Ya ce, "To wando mai ɗamara ne kawai? Kai ka yanka wa Ubangiji irin amsar da zai ba ka, da launinta da ranar da za ta zo, da bai bi tsarinka ba ka ce ya saɓa alkawari. Shi ya ce zai amsa. Bai ce kai za ka zaɓa masa amsar ba. Wata ya ba ka nan take, wata ya kau da wata masifa da ita ba ka sani ba, wata ya ajiye maka a rumbun da ƙwaro ba ya shiga. Tashi ka ci goron bikonka, azahar ta kusa."

Na tashi. Ba zan ce maka da na shiga soja da wani mugun abu ya same ni ba. Waɗanda aka ɗauka a ranar suna nan, wasunsu har da tumbi. Har yau ban san dalilin da ya sa aka hana ni ba, kuma na daina tambaya. Kai ma wataƙila ba za ka taɓa sanin dalilin birbe ba. Mai yiwuwa akwai hikima, mai yiwuwa kuma lissafin ne ba ka iya ba, kamar yadda takwaranka ya faɗa. Duka biyun ba su isa su raba ka da Ubangijinka ba.

Yanzu dubi kakanka. Ido ya yi yana, gwiwa ta ƙi, in zai miƙe daga tabarma sai ya yi shawara da sandarsa. Abokansa sun tafi ɗaya bayan ɗaya, har Malam Ari. Ya binne 'ya'ya biyu kafin a haife ni. Aikin hajji da yake roƙo tun ina goye har yau bai samu ba, kuma har yau kowace salla sai ya roƙa, da murya irin ta wanda ya fara jiya. Na taɓa ce masa, "Baba, ba ka gajiya?" Ya ce, "Wanda nake roƙo ya gaji ne?"

Bana da za a yi binne kana can kolej kuna shirin jarrabawa, ba ka ga abin da aka yi ba. Na ɓoye sungumi a bayan rumbu don kada ya fita cikin zafin nan. Ya lalubo shi. Na ce, "Baba, ka huta mana. Ga ni, ga yara. Wa ya san ma ko..." Sai na kama bakina.

Ya ce, "Ƙarasa. Wa ya san ko zan ci, ko? To wanda na ci ina yaro ni na shuka?" Ya dogara da sungumi ya nuna ƙasa da haɓa. "Kai, ni ma fa binne za ku yi da ni. Ba haka ake cewa ba? An binne wane. Ka taɓa jin an ce an zubar da wane? Rami ne, a sa ka, a rufe, a koma gida a jira. Shekara nawa ina kallon matacciyar ƙasa tana tashi da ruwa ɗaya, bai taɓa ba ni kunya ba. Wanda ya iya da tsabar gero, ni ne zan gagare shi?"

Inna tana tankaɗe a gindin bango ta ce, "Wannan tsohon iri, ai ƙwari sun gama da shi. Ko an binne ba zai fito ba."

Ya ce, "Zan fito, kuma ke zan fara nema."

"Allah ya kiyaye! Ni na yi sabon miji, yana kolej."

"Wannan da ko gemu bai da shi? Bari ya dawo mu haɗu."

Ya sara layin farko da kansa. Layin ya karkace kamar tafiyar maciji, ni ina biye ina jefa iri, ina dariya, ido kuma yana yi mini wani abu da na ɗora wa rana laifinsa. Wannan karkataccen layi, kai da hannunka ka yanke geronsa da kaka, ba ka san na wane ne ba.

Abin da na gane ke nan, Babana. Imanin da ke kai mutum tsufa ba wani dutse ba ne da ake ɗauka rana ɗaya. Layi ne ake sarawa kowace shekara, wanda ya fito a gode, wanda ya mutu a sake. Wanda ya saba da haka, ran da ya ga nasa ramin ba zai firgita ba, ya san aikin.

Saura abu ɗaya. In ka ɗaga wannan takarda za ka ga ƙullin tsumma, yankin tsohon zanen Inna. Kada ka kai wa matar kawunka ta yi maka kunu. Irin Baba ne, wanda yake zaɓa zangarniya-zangarniya da lalube, na layin farko, an gauraya shi da toka saboda ƙwari. Bai taɓa yarda ya kwana a wajen rumbunsa ba. Jiya ya kira ni ya ce in sa a jakarka. Na ce, "Baba, birni fa za shi. In ya yar? In ɓera ya ci? In bai dawo da wuri ba?"

Ya ce, "Ni na riga na yi binnen baɗi, a jakar takwara. In shamuwa ta iso ya kawo mini, shi zai bi bayana da ƙwarya. In kuma ya tarar an riga an shuka ni, ya sara layin da kansa." Sannan ya juyo da idon nan nasa da ba ya gani sosai, ya ce, "Kai kuma na san halinka. Kada ka tone."

To ba zan tone ba. Kawunka yana da wayar salula, ni ma ina da ita, amma ba zan kira shi in ce yaron nan yana salla ko ba ya yi ba. Ba zan sa a leƙa mini kai ba. Na sara, na jefa, na rufe da addu'a, na ba Wanda ba ya saɓa alkawari ajiya. In ka ga yatsana yana ƙaiƙayi, to ina nan na zauna a kansa.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ƙuli-ƙulin ba na rana ɗaya ba ne. Ƙannenka suna gaishe ka, sun riga sun raba tabarmarka. Inna ta ce a gaya wa mijinta kada 'yan matan birni su ruɗe shi. Ka gaishe da kawunka, ka bi shi sau da ƙafa, ka riƙe masa amana ko da ƙusa ɗaya ce.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na mutum. Allah ya raya abin da aka binne a zuciyarka, ya ba ka tsufa irin na mai sunanka, ya dawo mana da kai lafiya kafin ruwan fari.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.